Daga shaidu biyu zuwa hatimi ɗaya: tarihin tabbatar da takardu domin ƙasashen waje

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin wata hidima da kusan kowane malami da ɗalibi na wannan sashe ya taɓa yi ko zai yi, wato kai takarda a buga mata hatimai domin a karɓe ta a wata ƙasa. Za mu fara daga wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, mu bi ta dokar Faransa ta 1681, mu iso ga yarjejeniyoyi biyu na shekarar 1961. Abin da muke son nunawa shi ne, a duk tsawon wannan tarihi hatimi hannun jami'i yake shaida, ba ya shaida maganar da ke cikin takarda. Aikin da ya rage bayan hatimi, aikin harshe ne.

1. Gabatarwa

Shekarar da zan fita karatun digiri na uku, jami'ar da ta karɓe ni ta aiko da jerin takardun da take so, a ƙarshen jerin kuma aka ce kowace takarda sai ta zo «légalisée». Na ɗauki takardar haihuwata na shiga zagaye da ita cikin Yamai. Kafin mako uku su cika, bayanta ya ɗauki hatimi huɗu, kowane ɗaya yana shaida wanda ya gabace shi. Da dosiyen ya isa can, sai aka maido mini da shi. Babu wanda ya yi shakkar ko ɗaya daga cikin hatiman. Abin da ya hana shi wucewa shi ne sunan mahaifina: a takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a difloma kuma Mahamane. Jami'ai huɗu sun riƙe takardar nan a hannunsu, amma babu wanda aikinsa ya ƙunshi karanta abin da ke cikinta. Sai da na nemo wata takarda mai shaida cewa mai sunayen biyu mutum ɗaya ne, ita ma na sake zagayen da ita.

A lokacin na ɗauki abin sakaci ne na ma'aikata. Daga baya na gane cewa kowanensu ya yi aikinsa daidai yadda doka ta ɗora masa. Tambayar da ta dace ita ce: ina wannan aiki ya samo asali, kuma wace matsala aka ƙirƙiro shi domin ya warware?

2. Kalmomin da muke aiki da su

Kalmomin Hausa na wannan fage su kansu baƙi ne da suka zauna. «Takarda» ta shigo mana ta bakin Abzinawa, asalinta kuma charta ta Latinanci, wadda ta haifi carte da charte na Faransanci. «Wasiƙa» daga wathīqa ta Larabci take, mai ma'anar rubutun da ake dogara da shi, daga tushen da ke nufin amincewa. Hausa ta taƙaita ma'anar zuwa saƙon da aka rubuta. «Hatimi» daga khātam yake, wato zoben da ake rufe wasiƙa da shi, kuma malamanmu sun faɗaɗa kalmar har ta kai ga zanen da suke yi a allo ko a laya.

A bakin jama'a, «a buga hatimi» ta haɗa ayyuka uku da doka ta raba. Na farko, jami'i ya kwatanta fotokopi da asali ya ce sun dace. Wannan za mu kira shi shaidar kwafi. Na biyu, mutum ya sa hannu a gaban jami'i, misali a takardar wakilci, jami'in ya shaida cewa shi ne ya sa. Wannan shaidar sa hannu ce. Na uku, wata hukuma ta shaida cewa sa hannun wani jami'i da muƙaminsa da hatiminsa na gaskiya ne, domin takardar ta yi aiki a ƙasar waje. Faransancin da ake yi a birane kamar Maraɗi da Tawa yana kiran dukan ukun légalisation, shi ya sa ɗalibi kan je wurin magajin gari a shaida masa kwafi, ya ɗauka ya gama, alhali bai ma fara na ukun ba. Wannan na ukun shi ne batunmu, kuma za mu kira shi «tabbatarwa».

3. Zamanin shaidu da manzo

Matsalar tsohuwa ce: wanda takarda ta iske bai san wanda ya rubuta ta ba. Buhari ya ruwaito cewa lokacin da Annabi (S.A.W.) ya yi nufin rubuta wa Rumawa, an gaya masa ba su karanta wasiƙa sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa da aka zana sunansa da matsayinsa. Abubuwa biyu na wannan labari za su bi mu har ƙarshen maƙala. Mai karɓar takarda shi ne ke sa sharaɗi. Hatimi kuma suna da matsayi yake ɗauke da su.

Masana fiƙihu ba su yarda hatimi ya isa hujja a gaban shari'a ba. A babin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, Muhtasar na Halil, littafin ƙarni na 14 da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi, ya tsayar da cewa hukuncin alƙalin wani gari yana isa ga alƙalin wani garin ta hanyar shaidu biyu. An so a rufe wasiƙar da hatimi, amma hatimin shi kaɗai ba ya wadatarwa. Har ma idan maganar shaidun ta saɓa wa abin da ke rubuce, shaidun ake bi. Ke nan mutanen biyu su ne ainihin takardar, rubutun tunatarwa ne. Malaman Andalus da Magrib na baya sun sassauta, saboda wahalar ɗaukar shaidu zuwa gari mai nisa, suka yarda a yi aiki da wasiƙar alƙali idan an gane rubutun hannunsa. A nan ne aka fara ƙaura daga sanin magana zuwa sanin hannu.

A fadodin sarakuna, manzo ne ke tsayawa matsayin shaidun. A shekara ta 794 ta hijira (1391-1392), Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kuka da wasu ƙabilun Larabawa masu kama Musulmin ƙasarsa suna sayarwa. Al-Ƙalƙashandi, magatakarda a fadar Alƙahira, ya kwafe ta cikin Subh al-A'sha, ya kuma bayyana siffar takardar da irin rubutunta, ya ce manzon sarkin ne ya kawo ta tare da ayarin alhazai. Aikin magatakarda ke nan: ya san kamannin wasiƙar kowace fada, domin ya gane ta idan ta sake zuwa.

A ƙarni na 19, wasiƙun Shehunan Borno suna ɗauke da hatimi mai kusurwa takwas, wanda A. D. H. Bivar ya yi nazarinsa a 1959. A Sakkwato, gidan Waziri ne ke riƙe da wasiƙun daula, kuma waɗanda Ingilishi suka iske a can a 1903 su ne H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Kowane sarkin yanka yana da ƙofarsa a Sakkwato, wato babban da ya san shi, ya san manzanninsa, wanda saƙonsa ke bi ta hannunsa. Baƙo ma da wasiƙa yake tafiya. Clapperton ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 da wasiƙar Shehu al-Kanemi, Barth kuma ya bar Agadas a 1850 da wasiƙun sarkin garin zuwa ga sarakunan ƙasar Hausa. Wannan tsari yana aiki ne muddin masu rubutu kaɗan ne, kuma sun san juna.

4. Dokar 1681 da sarƙar hatimai

Tabbatarwa irin wadda muka gada a Nijar daga bakin teku ta fito. A watan Agusta na 1681, Sarki Louis XIV ya sa hannu kan babbar dokar sufurin teku da ministansa Colbert ya shirya. A littafi na ɗaya, babi na tara, wanda ya shafi ƙananan jakadun Faransa a ƙasashen waje, aya ta 23 ta tsayar da cewa duk takardar da aka rubuta a ƙasar da ke da ƙaramin jakadan Faransa ba ta da ƙarfin hujja a Faransa sai shi ya tabbatar da ita. Dalilin a fili yake. Alƙalin Marsai da aka kawo wa takardar bashi daga Izmir ko Iskandariya ba shi da hanyar sanin hannun wanda ya rubuta ta. Ƙaramin jakada yana zaune a can, ya san hukumomin wurin, kuma gwamnatinsa ta san hannunsa. Shi ne ya gaji shaidun nan biyu, sai dai shi ba ya tafiya tare da takarda, kuma ba ya shaida abin da ta ce.

Da ƙasashe suka yawaita ma'aikata, ƙaramin jakada ya kasa sanin hannun kowane magajin gari da kowane magatakardan kotu. Sai ya ce shi hannu ɗaya ya sani, na ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar da yake zaune. Ita ma ma'aikatar samfurin sa hannun wasu manyan jami'ai kawai take ajiyewa. Haka sarƙa ta samu: kowane jami'i yana shaida na ƙasa da shi, har a iso ga wanda mai karɓa ya sani. Yarjejeniyar Biyana ta 24 ga Afrilu 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu ta iske wannan aiki a hannunsu, ta kuma lissafa aikin shaida takardu cikin ayyukansu.

Ƙarfin wannan al'ada ya bayyana a Faransa kanta. Wata doka ta 21 ga Afrilu 2006, wadda ta shafi dukiyar gwamnati, ta soke dokar 1681 cikin tsofaffin dokokin da ta share, shekara 325 bayan kafa ta. Sai aka wayi gari babu nassin da ya wajabta tabbatarwa. Ranar 4 ga Yuni 2009, kotun ƙoli mai warware hukunci ta yanke cewa tabbatarwa tana nan wajibi bisa al'adar ƙasa da ƙasa, sai inda wata yarjejeniya ta ɗauke ta. Sai da dokar 23 ga Maris 2019 ta zo sa'an nan wajibcin ya koma rubuce.

5. Mulkin mallaka da takardun ɗan ƙasa

Kafin a tabbatar da takarda sai an same ta. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 sun ja iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, da tsakanin Damagaram da Kano, suka sa ƙasar Hausa ƙarƙashin harsunan mulki biyu. A ɓangarenmu, rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ƴan ƙasa an tsara ta da ƙudurin gwamna janar na Afirka ta Yamma na 1933, sa'an nan da na 1950. Rajistar ba ta kai ga yawancin ƙauyuka ba. Yaron da aka kama a sa lakwal, sai kotu ta ba shi hukunci mai maye gurbin takardar haihuwa, a rubuta cewa an haife shi «wajen» shekara kaza. Sunansa kuma magatakarda ne ke rubutawa da ƙa'idar Faransanci, yadda kunnensa ya ji daga bakin tafinta. Daga nan Yusufu ya zama Issoufou a wani gari, Youssouf a wani. Husaini ya zama Ousseini. A'ishatu ta zama Aïchatou ko Aïssatou.

Nijar mai ƴanci ta sake tsarin rajistar a 1985 da 2007 da 2019. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista. Na 2012 ya nuna kashi 64. An ci gaba, amma iyayen ɗalibanmu na yau yawancinsu da wancan tsohon tsari aka rubuta sunayensu.

Ƴancin kai ya kawo wata sabuwar matsala. Kafin 3 ga Agusta 1960, takardar da aka rubuta a Yamai ba ta ƙasar waje ba ce a Abijan, babu ƙaramin jakada tsakaninsu. Bayan wannan rana ta zama baƙuwa. Ga shi kuwa Nijar ba ta da makarantar gaba da sakandare sai a 1971, ba ta zama jami'a ba sai a 1973. Duk mai neman digiri sai ya ƙetare iyaka da takardunsa.

6. Shekarar 1961: Tananarif da Lahe

An ba wannan matsala amsa biyu cikin kwana 23.

Ranar 12 ga Satumba 1961, a Tananarif (Antananarivo ta yau), ƙasashe 12 da Faransa ta raina suka sa hannu kan babbar yarjejeniyar haɗin kai a fannin shari'a: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Kwango-Barazabil, Kodibuwa, Dahome, Gabon, Bolta, Madagaska, Muritaniya, Nijar, Senegal da Cadi. Sun amince su karɓi takardun hukumomin juna ba tare da tabbatarwa ba, muddin suna ɗauke da sa hannu da hatimin hukumar da ke da ikon bayar da su. Irin wannan sassauci ya shiga yarjejeniyar shari'a da Nijar da Faransa suka sa wa hannu a Yamai ranar 19 ga Fabrairu 1977. Abin da ya sauƙaƙa amincewar shi ne gado ɗaya: harshe ɗaya, siffar takarda ɗaya, sunayen muƙamai ɗaya. Taswirar wannan amana ita ce taswirar mulkin mallaka. Madagaska tana ciki. Najeriya da Gana da Sudan, inda danginmu da abokan cinikinmu suke, ba su ciki.

Ranar 5 ga Oktoba 1961, a birnin Lahe (La Haye) na ƙasar Holan, aka buɗe wata yarjejeniyar domin sa hannu. Majalisar Turai ce ta nemi taron Lahe kan dokokin hulɗar mutane tsakanin ƙasashe ya duba batun, aka amince da daftarin a zama na tara a 1960, Yvon Loussouarn kuma ya rubuta rahoton bayani. Ta fara aiki ranar 24 ga Janairu 1965, bayan Yugoslabiya da Ingila da Faransa sun amince da ita. Ita ba ta dogara ga gado ɗaya ba. Kowace ƙasa tana naɗa hukumar da za ta riƙa manna wa takardunta wata shaida guda, ita ce apostil, sauran ƙasashen kuma su karɓa ba tare da an je wurin jakadansu ba. Kalmar a tsohon Faransanci tana nufin ɗan bayanin da ake rubutawa a gefen shafi, abin da almajiranmu za su kira hashiya.

Siffar apostil ƙayyadadda ce: murabba'i wanda kowane gefensa bai gaza santimita 9 ba, da layuka 10 masu lamba, daga sunan ƙasa har zuwa sa hannun mai bayarwa. Ana iya cika ta da harshen hukumar da ta bayar, amma kanta dole ya kasance da Faransanci. Mai nazarin harshe zai ga hikimar: jami'in da bai iya Girkanci ko Turkanci ba ya san cewa layi na 2 sunan mai sa hannu ne, na 3 muƙaminsa, na 4 hatiminsa. Lamba ta ɗauke wa tafinta aiki. Aya ta 7 ta wajabta wa hukumar ta ajiye rajistar duk apostil da ta bayar, domin mai shakka ya tambaya. Tun 2006 aka fara mayar da wannan rajista kan intanet. Aya ta 5 kuma ta faɗi iyakar abin da apostil ke shaida: sa hannu, muƙami, hatimi. Ba ta ƙara komai ba kan zoben azurfar nan.

Zuwa 2024 ƙasashe fiye da 120 sun shiga. Amurka ta shiga a 1981, Turkiya a 1985, Afirka ta Kudu a 1995, Indiya a 2005, Maroko a 2016, Tunisiya a 2018, Saudiya a 2022, Senegal da Sin a 2023, Kanada da Ruwanda a 2024. Har ƙarshen 2024 Nijar ba ta ciki, haka Najeriya da Cadi da Kamaru da Gana da Sudan. Mai karatu zai lura cewa Maroko da Tunisiya da Turkiya da Indiya da Sin da Saudiya su ne wuraren da ɗalibanmu da marasa lafiyarmu da ƴan kasuwarmu suka fi nufa a shekarun nan. Ɗalibin Senegal mai zuwa Turkiya apostil ɗaya ta ishe shi. Na Damagaram, inda babu wata yarjejeniya ta musamman, sai ya bi tsohuwar sarƙa: hukumar da ta ba da takarda, ma'aikatar harkokin waje a Yamai, mai nisan kimanin kilomita 900 daga gidansu, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da zai je. Idan ƙasar ba ta da jakada a Yamai, takardar sai ta yi wata tafiyar zuwa Abuja ko Abijan ko Dakar. Kuɗin tambur shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da zai kashe. Mota da masauki da wa'adin rajista da ke wucewa su ne babbar hasara.

7. Takardun kasuwanci

Ɗan kasuwa yana da takardu iri biyu, kuma tarihinsu ya bambanta. Iri na farko su ne masu nuna ko wane ne shi: takardar kafa kamfani da notar ya rubuta, shaidar shiga rajistar kasuwanci, takardar wakilci ga wanda zai buɗe masa asusu ko reshe a waje. Yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a Por-Luwi ta ƙasar Moris ranar 17 ga Oktoba 1993, wadda Nijar take ciki, ta daidaita dokokin kamfanoni da siffar rajistar kasuwanci a ƙasashe 17. Waɗannan takardu na hukuma ne ko na notar, don haka hanyarsu ɗaya da takardar haihuwa: tabbatarwa, ko apostil inda take aiki.

Iri na biyu su ne masu raka kaya: rasit ɗin ciniki da shaidar asalin kaya, wadda ɗakin ƴan kasuwa ko kwastan ke sa wa hatimi. Aya ta 1 ta yarjejeniyar Lahe ta fitar da takardun hukuma masu alaƙa kai tsaye da ciniki ko kwastan daga cikin hurumin apostil. Masu daftarin sun yi haka ne domin a yawancin ƙasashensu waɗannan takardu sun riga sun kuɓuta daga tabbatarwa, ba su so su ɗora musu sabon nauyi. Tun 1952 ƙasashen yarjejeniyar ciniki ta GATT suka yi kira da a soke hatimin ƙaramin jakada a kan takardun kaya, domin ya zama haraji a ɓoye. Wasu ƙasashe sun ci gaba da neman sa duk da haka. Saboda haka mai fitar da albasar Galmi ko riɗi ko fata ya kamata ya tambayi mai saye da bankinsa abin da kwastan ɗin can ke so kafin kaya su tashi, domin amsar ba ɗaya ba ce daga ƙasa zuwa ƙasa.

8. Abin da hatimi ba ya gyarawa

Shiga yarjejeniyar Lahe ba ya tilasta wa kowa ya amince da mai shiga. Aya ta 12 ta ba tsofaffin ƙasashe wata shida su ƙi, kuma idan ƙasa ta ƙi, yarjejeniyar ba ta aiki tsakaninta da sabuwar. Jamus ta yi haka lokacin da Maroko ta shiga. Ko inda aka ɗauke tabbatarwa ɗungum, shakka kan abin da takarda ta ce tana nan. Aya ta 47 ta kundin dokokin jama'a na Faransa, yadda aka gyara ta a 2003, ta ce takardar haihuwa ko aure ta ƙasar waje hujja ce, sai fa idan wasu bayanai sun nuna ba ta bi ƙa'ida ba, ko jabu ce, ko abin da ta faɗa bai dace da gaskiya ba. Sunan uba da aka rubuta iri biyu yana iya isa ya tayar da wannan shakka.

Sa'an nan ga fassara. Takarda mai cikakken hatimi, idan mai karɓa bai iya harshenta ba, sai an fassara ta, fassarar kuma sai ta tafinta mai rantsuwa, wanda shi ma a wasu lokuta sai an tabbatar da sa hannunsa. Daga Maraɗi zuwa Katsina kimanin kilomita 90 ne. Magatakardan da ya rubuta takarda a nan da wanda zai karanta ta a can, da Hausa suke magana a gidajensu, da Hausa za su gaisa da mai takardar, amma takardar sai ta bi daga Faransanci zuwa Ingilishi kafin su fahimci juna a hukumance.

Turawa sun nemi wa kansu mafita daga wannan. Yarjejeniyar Biyana ta 8 ga Satumba 1976 ta kafa takardun haihuwa da aure da mutuwa masu harsuna da yawa, da gurabe masu lamba, waɗanda ƙasashen da suka shiga ke karɓa ba fassara ba tabbatarwa. Tarayyar Turai kuma, tun 16 ga Fabrairu 2019, ta ɗauke apostil ɗin kanta a kan irin waɗannan takardu tsakanin ƙasashenta.

9. Kammalawa

Mun ga matakai uku. Da farko mutane biyu ne ke tafiya da takarda suna shaida maganarta. Daga 1681 jami'ai suka jeru, kowa yana shaida hannun na gabansa. Daga 1961 aka taƙaita jerin zuwa hukuma ɗaya da rajista. A kowane mataki an sami sauƙin tafiya, kuma an ƙara nisa da abin da takarda ta ƙunsa.

Shawarar shiga yarjejeniyar Lahe ta masu mulki ce da masana shari'a. Ra'ayinmu shi ne za ta rage wa ɗalibi da ɗan kasuwa wahala ta gaske, musamman idan aka ba da ikon apostil a manyan biranen jihohi, ba a Yamai kaɗai ba. Amma da apostil ce a bayan takardar haihuwata a wancan lokaci, da an maido mini da dosiyena duk da haka.

Sauran aikin namu ne. Kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan wata rana za a rubuta takardar haihuwa da Hausa, akwai abubuwa uku da ya kamata su riga ta. Na ɗaya, kalmomin da za su raba shaidar kwafi da shaidar sa hannu da tabbatarwa. Waɗanda muka yi aiki da su a nan shawara ce, muna jiran gyaran abokan aiki. Na biyu, jagoran rubuta sunaye domin magatakardan rajista, wanda zai jera kowane suna da siffofinsa na Faransanci da Ingilishi da Larabci kusa da siffarsa bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, yadda jami'in waje zai ga cewa Issoufou da Yusuf da Yusufu suna ɗaya ne. Na uku, samfurin takarda mai gurabe masu lamba cikin waɗannan harsuna huɗu, irin ta 1976. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya isa batun kundin digiri na biyu. Rajistocin da za a tattara sunayen daga cikinsu suna nan ajiye a ma'aikatun magadan gari na Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma ɗaliban da za su fara wannan aiki su ne waɗanda gobe za su ɗauki nasu takardun su shiga zagayen hatimai.